Sa hannun waliyyi kafin a yi wa yaro tiyatar ƙwannafi a Saudiyya

Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun haihuwa yakan sha wahalar ƙwannafi mai tsanani. Abinci da ruwan tsamin tumbi su dawo maƙoshi, ya ƙware, wani ya gangara huhu ya zama nimoniya, jiki kuma ya ƙi ƙaruwa. Idan magani irin su omefrazol da sauya yadda ake ciyarwa suka kasa, likitoci kan kawo maganar tiyatar Nissen: a naɗe saman tumbi a kewaye ƙarshen maƙoshi, a ɗinke, don abinci ya daina dawowa. Sau da yawa akan haɗa da sa bututun ciyarwa ta ciki.

A nan ne iyaye Hausawa a Makka da Jidda da Madina ke karɓar takarda cikin Larabcin likitoci, a nuna musu wurin sa hannu.

Dokar sana'o'in kiwon lafiya ta Saudiyya, wadda aka zartar a 1426 Hijira (2005), ta faɗa a sashe na 19 cewa ba a yi wa majinyaci aiki sai da yardarsa, ko ta waliyyinsa idan shi ba zai iya yanke wa kansa hukunci ba. Togaciya ɗaya ce: hatsari ko larurar gaggawa da jinkiri zai salwantar da rai ko gaɓa, kuma ba a samu waliyyi kan lokaci ba. Tiyatar ƙwannafi kuwa yawanci tsara ta ake yi, a sa rana. Don haka akwai lokacin tambaya, kuma dokar ba ta ware baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba.

A ganina yardar da ba a fahimta ba, ba yarda ba ce. Ku nemi tafinta. Ku tambaya ƙarara, domin a irin waɗannan yaran ɗinkin ya fi saurin kwancewa, ƙwannafin ya dawo, fiye da a sauran yara. Wasu kan yi ta yunƙurin amai ba ya fita, ko ciki ya riƙa kumbura saboda gyatsa ta yi wuya. Akwai kuma wata hanya, ta zura bututu ya wuce tumbi zuwa hanji. Ku ji dalilin da ya sa likita ya fifita ɗaya.

Ba ina kushe tiyatar ba ne, ta raba yara da yawa da kwanciyar asibiti. Amma uwa, wadda ita ce ke ciyarwa dare da rana, ta kasance a ɗakin lokacin bayanin, ta faɗi sau nawa yake ƙwarewa da yadda yake kwana, kafin kowa ya ɗauki biro.