Latti a makaranta: inda horo ke komawa wariya a idon doka

Ƙarfe takwas saura minti biyu, yaro na tsaye can gefe da ƙofar makaranta, jaka a baya, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ya fi minti goma da isowa. Jira yake cincirindon ɗalibai ya ragu, ƙararrawa ta gama kaɗawa, sannan ya shiga. Yana shiga aka rubuta sunansa cikin 'yan latti, karo na uku ke nan a mako ɗaya. Dokar makarantar kuwa ba ta da kwana-kwana: latti uku, a tsare ka bayan an tashi.

Malamin da ya hukunta shi zai ce bai yi son kai ba, abin da ake yi wa kowa shi ya yi masa. Ta wannan fuskar yana da gaskiya. Amma yaron yana da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, hayaniya da turereniya suna gigita shi. Wannan kuwa yana sauya lissafin a wurin doka.

Yarjejeniyoyi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne tushen maganar. Ta farko ita ce ta haƙƙin yara, ta shekarar 1989. Sashe na 28 bai hana makaranta ladabtarwa ba, sharaɗinsa dai kada horon ya taɓa mutuncin yaro. Ta biyu, wadda ta fi shafar batunmu, ita ce ta haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008. Sashe na 24 ya ce a yi wa ɗalibi mai nakasa gyaran da ya dace da buƙatarsa don ya yi karatu tare da sauran yara. Sashe na 2 kuma ya faɗi abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙin yin wannan gyaran shi kansa wariya ne. Wato ko da babu mugun nufi, ko da malami yana ƙaunar yaron, makaranta na iya saɓa ƙa'ida don kawai ta auna kowa da ma'auni ɗaya.

Kalmar nakasa takan yi wa iyaye nauyi a baki, na sani. A yaren doka dai ba ta tsaya ga abin da ido ke gani ba. Tana iya haɗawa da yaran da ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya daban, muddin abin ya daɗe kuma yana tauye su a harkokin yau da kullum.

Ɗauki yarinya mai lalurar ADHD, ta ƙarancin natsuwa da yawan kazar-kazar. Matsalarta da safe ita ce jera ayyuka da kintatar lokaci. An ce mata saura minti biyar, ta ji, ta kuma yarda. Ta tafi ɗauko takalmi, ta ci karo da littafin da take nema tun jiya, ta buɗe shi. Kafin ta ɗago, minti ashirin sun tafi, ita kuwa za ta rantse yanzu ta zauna. Ga shi da yawa cikin irin waɗannan yara barci ba ya ɗaukarsu da wuri, tashin safe sai a hankali. A tsare ta sau ashirin, gobe ma takalmin da littafin suna nan. Horo yana gyara wanda ya iya amma ya ƙi. Wanda bai iya ba tukuna, abin da yake koya daga horo shi ne ƙin jinin makaranta.

To, shi ke nan an yafe musu zuwa a kan lokaci? A'a. Gyaran da doka ke nema yana da iyaka: wanda ya zama dole, ya dace, kuma bai ɗora wa makaranta nauyin da ya fi ƙarfinta ba. Makaranta na da hujjar son kowa ya zauna kafin a fara darasi, shi ma yaron ribarsa ce. Abin da ake sauyawa shi ne hanyar kai shi ga hakan. Wancan mai toshe kunne, a bar shi ya shigo ta wata ƙofa, ko minti goma kafin jama'a. Wata a ba ta ɗan rangwamen mintuna na wani lokaci, ana ragewa a hankali. Wani a manna masa jerin hotunan ayyukan safe. A daina kiran sunansa a gaban aji. Yawancin waɗannan ba sa cin ko kwabo, shi ya sa da wuya makaranta ta fake da cewa sun yi mata nauyi.

Sai dai yarjejeniya gwamnatoci take ɗaurewa, ƙarfinta a cikin aji ya danganta da dokar da kowace ƙasa ta kafa. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta haramta muzguna wa ɗalibi saboda abin da nakasarsa ta haifar, sai in makaranta ta nuna matakin nata yana da manufa ta halal kuma bai wuce kima ba. Dokar ba ta ce sai an kawo takardar likita ba, tasirin lalurar take dubawa. A Amurka, ƙarƙashin dokar ilimin ɗalibai masu nakasa, in za a raba irin wannan ɗalibi da ajinsa fiye da ranakun makaranta 10 a jere, dole iyaye da makaranta su zauna su tantance ko lalurar ce ta jawo laifin, ko kuma makarantar ce ta kasa cika tsarin tallafin da aka rubuta masa.

Akwai wata kafa a dokar Birtaniya da ya kamata iyaye ko'ina su lura da ita: makaranta na iya kare kanta da cewa ba ta san da nakasar ba, kuma babu yadda za a yi ta sani. Don haka maganar bakin ƙofa da malami ba ta wadatar. A rubuta wa shugaban makaranta, da kwanan wata, a bayyana abin da ke faruwa da safe dalla-dalla, a faɗi gyaran da ake nema, a nemi amsa a rubuce, a kuma ajiye kwafi. In makaranta ta ce ba za ta iya ba, a nemi ta faɗi dalili da abin da za ta iya yi a madadinsa, sannan a sa ranar da za a sake zama a duba ko lattin ya ragu.