Fawa fak na kwamfutar gem: tambayoyi kafin ka shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja

Matasanmu na Agege da Idi-Araba masu harhaɗa kwamfutar buga gem kusan hanya ɗaya suke bi. Kuɗi ya ƙare a kan katin girafik da furosesa, sannan a nemi fawa fak, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa sassan kwamfuta, da ɗan canjin da ya rage. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba.

Wat nawa ya ishe ni?

Yi lissafin kayanka. Furosesa irin Ryzen 5 5600 wat 65 aka rubuta masa. Katin RX 6600 yana cin wat 132, RTX 3060 wat 170, RTX 4060 kuma 115 kacal. Madabod da RAM da SSD da fankoki, ka ware musu wat 50 zuwa 60. Da wuya jimlar ta kai 350. Kamfanin Nvidia da kansa wat 550 ya ce a sa wa RTX 3060, saboda haka mai 550 ya isa, mai 650 kuwa har da sararin canza kati nan gaba. Mai 850 a wannan haɗin ado ne kawai.

Kada ka ji tsoron cewa babba zai cinye maka mita. Abin da kwamfutar ta nema shi yake ja, ba abin da aka rubuta a kwali ba.

A layin Otigba na cikin kasuwar an nuna mini mai wat 700 a rabin kuɗin mai 550. Me zai hana in ɗauka?

Karɓe shi ka juya gefensa, akwai takarda mai jadawali a manne. Nemi layin da aka rubuta +12V, domin daga nan furosesa da katin girafik suke shan wuta. Za ka ga adadin amp a ƙarƙashinsa, sai ka ninka shi sau 12. Mai 550 na kirki zai nuna wajen amp 45, wato wat 540. Idan mai 700 ɗin ya nuna amp 22, wat 264 ke nan, sauran lambar an cika ta ne da layukan 3.3V da 5V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika buƙata ba. Wani ma abin da ke jikin takardar ƙarya ne tsagwaronta.

Auna shi a tafin hannunka. Na banza za ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, wayoyinsa sirara. Nauyi ba hujja ba ce, amma rashinsa alama ce. Sannan duba kwali ko an ambaci OVP da OCP da OPP da SCP. Waɗannan su ne masu kashe shi idan wuta ta yi yawa, ko lodi ya wuce kima, ko waya ta haɗu. Wanda ba shi da su, ranar da zai ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja katin da ka yi wata da watanni kana tara kuɗinsa. Ni dai a ƙaramin kasafi na fi natsuwa da Corsair CX, ko MSI MAG A550BN, ko Cooler Master MWE Bronze. Ka karɓi rasit mai lambar kayan, ka ji maganar garanti tun kafin ka biya.

Tambarin 80 Plus fa, shaidar inganci ce?

A'a. Tsari ne da aka fara a 2004, kuma abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Idan kwamfuta na son wat 300, mai kashi 80 zai ja 375 daga bango, mai kashi 90 zai ja wajen 333. Ga mutanen Band A, rukunin da ya fi samun wuta, da aka mayar musu da yunit naira 225 a Afrilun 2024, bambancin na taruwa, amma ba zai biya tsadar mai matakin Gold, wanda ya fi matakin Bronze tattalin wuta, da wuri ba. Bronze ya wadatar. Sitika kuwa kowa na iya bugawa.

Yaya zan yi da wutar NEPA da janareta?

Nemi wanda aka rubuta 100–240V a jikinsa, shi ne ke jure wutar da ta yi ƙasa da yamma lokacin da unguwa ta kunna komai. Tsofaffin da ake kawowa daga Amurka wasu na da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Tamu 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Fawa fak komai kyansa ba ya maye gurbin UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Kuma lambar UPS yaudara gare ta: mai 650VA galibi bai kai wat 400 ba, ga allo shi ma a kansa. Ka nemi 1000VA zuwa sama. Fawa fak na zamani masu Active PFC, tsarin daidaita yadda suke jan wuta, wasunsu kan mutu nan take idan UPS ko inbata mai arha ta karɓi wuta, don haka wadda aka rubuta Pure Sine Wave, mai ba da wuta irin ta NEPA, ta fi. Ƙaramin janaretan nan na “I pass my neighbour” kuwa, wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu, kada ka jona kwamfuta kai tsaye a kansa.

Tokumbo fa?

Kes da fanka, saya na hannu ba komai. Fawa fak kuwa kafasitocin cikinsa bushewa suke yi da shekaru da zafi, kuma ba a gani daga waje. Kada ka ce za ka buɗe ka duba, suna riƙe wuta ko bayan an zare soket. Idan dole ce, a haɗa shi da kati a shagon, a buga gem mai nauyi na rabin awa a gabanka. Ganin fanka na juyawa ba gwaji ba ne.

Ina da tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis, zan iya sa mata kati?

Da yawansu fawa fak ɗinsu bai kai wat 300 ba, kuma filoginsu na kamfani ne, ba mai fin 24 da aka saba ba. Ramin kati a madabod wat 75 yake bayarwa, filogi mai fin 6 wat 75, mai fin 8 wat 150. Za a ce maka akwai 'yar adafta daga SATA zuwa fin 8. Filogin SATA wat 54 ne iyakarsa, narkewa zai yi. Ko ka tsaya a katin da ba ya buƙatar waya, irin wasu samfuran GTX 1650, ko ka canza kes da madabod gaba ɗaya.