Bambancin elimen da atiribut a HTML da XML

Dubi wannan layi na HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi: `<a href="labarai.html">Karanta labarai</a>`. Gaba ɗayansa elimen ne guda, wato alamar buɗewa, abin da ke ciki, da alamar rufewa. Shi kuwa `href="labarai.html"` atiribut ne. Ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Kullum a cikin alamar buɗewa yake zama, da suna da ƙimarsa, yana ƙarin bayani a kan elimen ɗin. Mai karatu "Karanta labarai" yake gani a allo, burauza kuma `href` take dubawa ta san inda za ta kai shi idan ya danna.

Wannan rabo gado ne daga SGML, wani tsohon tsarin sa wa rubutu alamomi, wanda hukumar tsara ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 1986. Daga gare shi HTML ya samo tsarinsa, haka ma XML, harshen tsara bayanai, da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 1998.

Inda bambancin ke da nauyi shi ne abin da kowannensu zai iya ɗauka. Elimen yana ɗaukar rubutu, yana ɗaukar wasu elimen a cikinsa, su ma su ɗauki wasu, kuma jerinsu na da ma'ana. Atiribut kuwa rubutu ne zalla, ba a cusa masa komai, kuma ko wanne aka fara rubutawa duk ɗaya ne. Sannan suna ɗaya ba ya fitowa sau biyu a alama ɗaya. A ce kana tsara bayanan littattafai a XML, ka mai da marubuci atiribut. Lafiya lau, har ranar da ka ci karo da littafin da mutum biyu suka rubuta. Ka sa `marubuci` sau biyu, manhaja ta ƙi karanta fayil ɗin. A HTML ma abin ya fi ban haushi, don burauza na farkon take ɗauka ta watsar da na biyu ba tare da ta ce uffan ba. Shi ya sa a ganina duk abin da zai iya maimaituwa ko ya rabu kashi-kashi, gara a ba shi elimen nasa tun farko.

Wasu kan ce abin da ido ke gani elimen ne, na ɓoye kuma atiribut. Galibi haka ne, amma `img`, elimen ɗin sa hoto, ya karya dokar: ba shi da ciki, ba shi da alamar rufewa. Hoton a `src` yake, bayaninsa kuma a `alt`, wanda manhaja ke karanta wa makafi.