Kafin ka ɗora bulo, ka san abin da ke ƙarƙashin filinka

Aikina na duba-gari yana kai ni lungu-lungu na birnin Kano, kuma duk shekara idan ruwan Agusta ya kankama, koke ɗaya nake ji: bango ya dare, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓen ɗaki ya lotsa. Sai mai gida ya ɗora wa birkila laifi, ya ce an ci masa siminti. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana can ƙasa, inda ba wanda ya leƙa kafin a zuba harsashi.

Duk ɗan Kano ya san asalin kududdufai. A nan kakanninmu suka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, ramukan suka zama matattarar ruwan sama. Yau an cike da yawansu da shara da leda da toka da ɓaraguzai, an yafa jar ƙasa a kai, an yanka fuloti. Irin wannan ciko bai gama zama ba. Sharar tana ruɓewa a hankali, ƙasar tana sauka, kuma ba tare take sauka ba. Gefe ɗaya na gidan ya nutse, ɗayan ya tsaya, sai tsaga ta taso daga kusurwar taga. Ruwan unguwa kuma ba zai fasa gangarowa inda ya saba taruwa ba. Na shiga wani gida da aka gina a kan ciko, na ga uwa tana kwantar da yara huɗu a gindin bangon da hannuna yake shiga tsagarsa. Ranar ban yi barci ba.

Abin da ya fi ruɗar mu shi ne rani. A watan Maris ka kai wa ƙasa diga ka ji tana ƙara, sai ka ce ai dutse ce. Alhali a yankuna masu ƙarancin ruwa irin namu akwai ƙasar da iska ta tara, rairayi mai laushi wanda ɗan yumɓu ne kawai ya riƙe shi. Muddin a bushe yake, zai ɗauki kaya. Ranar da bututu ya fara yoyo ko masai ya jiƙa shi, sai ya zube a ƙarƙashin gini. Lakar fadama kuwa, irin ta bakin kogunan Jakara da Challawa, kumbura take da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Ga kuma farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango, yana cin kankare yana sa rodi tsatsa. Ko a Dubai, garin hamada, sai da aka binciki ƙasa sosai aka kafa turakun kankare masu zurfin kusan mita 50 kafin dogon benen nan Burj Khalifa ya kai tsayin mita 828.

Gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Ga ƙaramin gida, ana haƙa ramuka na mita 2 zuwa 3 a sassan filin, injiniya ya duba jerin ƙasar da idonsa, ya ɗebi samfuri zuwa ɗakin gwaji. Idan bene ne, ana huda ƙasa da inji, a zura bututun ƙarfe a ramin, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, ana ƙirga bugu nawa aka yi kafin bututun ya nutse santimita 30. Bugu kaɗan yana nufin ƙasa ba ta da ƙarfi. Daga nan za a faɗa maka zurfin harsashi da faɗinsa, da inda ruwa yake, da ko sai an kwashe cikon, ko a zuba kankare shimfiɗa guda, ko a kafa turaku.

Alhaji, kafin ka biya dillali, ka gaisa da mai unguwa da dattawan wurin, ka tambaye su me ke nan shekara talatin da suka wuce. Masu haƙar rijiya ma sun san cikin ƙasar unguwarsu. Sannan ka nemi injiniya mai rijista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ka karɓi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Don Allah kada ka ɗora bene a kan harsashin da aka yi wa gidan ƙasa ba tare da an sake dubawa ba.

Wanda kuma bangonsa ya riga ya tsage, ya yi alama da fensir a ƙarshen tsagar, ya rubuta kwanan wata. Idan ta wuce alamar ko ta ƙara buɗewa, a fitar da iyali daga ɗakin nan, a kira injiniya kafin ruwa na gaba ya sauka.