Me ake nufi da "dashen gashi daga gemu"?

A wani shagon aski da ke Agege ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, duba abin da mutanen nan suka rubuto mini." Ashe ya aika wa wani asibiti a Istanbul hotunan kansa ta WhatsApp, gaba da baya da sama, su kuma suka amsa masa cewa gashin ƙeyarsa ba zai isa ba, sai an haɗa da gemu. Shekararsa 34, sanƙo ya ci shi tun daga goshi har tsakar ka. Abin da ya ɗaure masa kai, in ji shi, ai shi bai nemi gemu ba, wanda Allah ya ba shi ma ya ishe shi.

Kalma ɗaya ce ta rikita shi, wato "daga". Dashen gemu daban, dashe daga gemu daban. A na farko, mutum ne ba shi da gemu ko nasa ya fito tsilli-tsilli, sai a ɗebo gashi daga ƙeyarsa a dasa masa a fuska. A na biyu hanyar ce ta juya: ana cire gashi da saiwarsa daga gemu a kai shi ka, a rufe sanƙo. A tallace-tallacen asibitoci za ka ga haruffan BHT, waɗanda ke nufin ɗibar gashi daga ko'ina a jiki ban da kai, ko ƙirji ne ko baya ko gemu. A cikinsu gemu ne likitoci suka fi so, domin ya fi kauri, ya fi tsawo, kuma ya fi kamawa in an dasa.

Duk wanda ya taɓa dashen albasa ko tumatir a fadama ya san rabin zancen. Ana tuge tsiro daga wurin reno a kai shi fili. Haka ake yi wa gashi, sai dai akwai bambanci guda da masu talla ba sa son daɗewa a kansa: ramin da aka cire saiwa daga cikinsa ba ya sake fitar da gashi har abada. Dashe ba ya ƙara wa mutum ko sili ɗaya, sauya wa gashin mazauni kawai yake yi. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana irin wannan aiki tun 1939. A 1959 kuma Norman Orentreich na birnin New York ya wallafa ƙa'idar da sana'ar ke tsaye a kanta har yau, cewa gashin da aka dasa yana tafiya da halin wurin da aka ciro shi. Gashin ƙeya ba ya jin sanƙo, don haka ko an kai shi goshi ba zai ji ba.

To me ya sa gemu ma ba ya ji? A jikin namiji akwai wani sinadari da ake kira DHT. Shi ne yake matse saiwar gashin gaban kai da tsakar ka ga wanda ya gaji sanƙo, gashin ya riƙa sirancewa shekara bayan shekara har ya ɓace. Shi ɗin ne kuma yake sa gemu ya fito ya yi ƙarfi. Abin da ke kashe wancan shi ke ciyar da wannan, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga Alhaji kansa fes kamar tasa, gemu kuwa har ƙirji. Wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya nuna a 1942 cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin balaga ba sa yin sanƙo. Gemu ma ba sa yi, abin da duk wanda ya ji labarin babannin fada ya sani.

Lissafi ne yake kai likita ga gemu. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen sili 100,000, amma ba duka ake iya taɓawa ba. Ɗan zirin da ya taso daga bayan kunne ya zagaya ƙeya zuwa ɗaya kunnen shi kaɗai ne amintacce. Ana cire gashi a 'yan ƙananan gutsattsari, kowane da sili ɗaya zuwa huɗu, su ne ake kira giraft, kuma da su ake yanka farashi. Likitoci kan ƙiyasta cewa ƙeya za ta iya bayar da kamar 6,000 zuwa 8,000 a tsawon rayuwa kafin ta fara nuna rami, wani ma bai kai haka ba. Ma'aunin Norwood na 1975 ya raba sanƙo mataki bakwai, kuma wanda ya kai na shida ko na bakwai, filin da ke neman rufi ya fi ƙarfin abin da ƙeyarsa za ta bayar. Haka wanda aka taɓa yi wa dashe aka kwashe masa ƙeya fiye da kima. Su ne ake ce wa sai an haɗa da gemu. Ciko ne, ba shi ne tushen aikin ba.

Yadda ake cirewa kuwa, da hanyar FUE ne, wadda aka bayyana a mujallar likitoci a 2002. Ana aske wurin, a yi allurar kashe zafi, sannan a sa wani ɗan bututu mai kaifi da faɗinsa bai wuce milimita 1 ba a zagaye kowace saiwa a zaro ta. Likitan kirki daga ƙarƙashin haɓa da ƙasan muƙamuƙi yake ɗiba, inda inuwa ke ɓoyewa, ba ya hawa kunci sai dole.

Ƙa'idar Orentreich nan ma tana aiki, kuma ba kullum take yi wa mutum daɗi ba. Gashin gemu in ya hau kai, gemu ne har gobe. Kaurinsa da kaushinsa suna nan, yawanci sili ɗai-ɗai yake fitowa, kuma wa'adin girmansa bai kai na gashin kai ba, wanda kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo kafin ya faɗi. Saboda haka ba a jera shi a layin goshi, inda ake bukatar gashi mai laushi, in ba haka ba daga nesa za a gane. Ana cakuɗa shi da na ƙeya a tsakar ka da bayanta, ko a rufe tsohon tabo da shi. Mu dai a nan mun ɗan ci riba, tunda gashin kanmu da na gemunmu duk murɗaɗɗu ne, kuma yawancinmu aski muke yi ƙasa-ƙasa, bambancin ba ya fita kamar na Bature mai gashi santsi.

Ribar ke nan, ga kuma inda nake ganin ya kamata mutum ya ja birki. Murɗewar gashinmu ba a waje kaɗai take ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata, bututun kuwa miƙaƙƙe ne. Hannun da bai saba da baƙar fata ba zai yi ta datse saiwoyi a tsaka, a yi asarar gashin ga kuma rauni a banza. Sannan akwai tabon nan mai kumbura ya yi tudu, wanda likitoci ke kira keloid, da ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma muƙamuƙi da wuya suna cikin wuraren da yake so. Ko bai kumbura ba, kowane rami yana iya barin ɗigon fari ko baƙi. Tabon ƙeya hula tana rufe shi. Na haɓa fa? Sai dai mutum ya riƙe gemu ko yana so ko ba ya so, an gudu gara an faɗa zago. Duk wanda ya san tsagar gado ko kaciya ko wani yanka ya taɓa kumbura masa, ya faɗa wa likita tun kafin a yi zancen kuɗi. Likitan da ya san aikinsa yakan fara cire 'yan kaɗan na gwaji, ya jira watanni ya ga yadda fatar ta warke. Wanda ya hau jirgi daga Ikeja da tikitin dawowa bayan kwana huɗu, ina ya ga lokacin gwaji?

Mai askin, wanda tun ɗazu yake saurare, ya sa baki ya ce, "Malam, to a addini fa? Gemu ai sunna ne." Tambaya ce mai kyau. Malamai da dama sun halatta dashen gashi a kan cewa gyaran aibi ne, suna kafa hujja da hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho na Bani Isra'ila. Amma aske gemu don aikin da rage shi har abada mas'ala ce ta daban, kuma a fiƙihu ana bambanta gashin haɓa da kunci da wanda ke kan maƙogwaro. Mutum ya kai wa malaminsa ita dalla-dalla, ya faɗi daga inda za a cira da yawan da za a cira.

Bayan aiki, gashin da aka dasa yakan zube cikin 'yan makonni, sabo ya fara leƙowa wajen wata 3 zuwa 4, ba a yanke hukunci sai an shekara. Sauran gashin asali kuwa DHT bai daina cinsa ba, shi ya sa ake haɗa wa mutane da magunguna irin su minoxidil ko finasteride, a ƙarƙashin kulawar likita.

Da layi ya zo kan ɗan yayata, mai aski ya ɗaga masa haɓa zai gyara ƙasan gemu, sai ya tsaya ya kira ni. Ƙurajen aski ne jere a wuyan, irin waɗanda ke fitowa in gashi ya lanƙwasa ya koma cikin fata, biyu a ciki sun yi tauri. A ƙeyarsa ma akwai wasu. Cikin hotunan da ya aika Istanbul babu wanda ya nuna su. Na ce masa kafin ya sake amsa saƙon nan ya je Idi-Araba ya ga likitan fata a asibitin koyarwa na LUTH, a duba masa wuyan nan tukuna. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "To, Kawu." Mai aski ya ajiye reza ya ɗauko almakashi.