Barewar da ke zubar da ƙahonta duk hunturu

Wace irin barewa ce ƙahonta ke faɗuwa?

Ba irin tamu ba ce. Ƙahon barewa da gada da gwanki na dajinmu kamar na saniya yake: ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da abu irin na farce, kuma da shi dabbar za ta mutu. Wadda ake magana a kanta ita ce barewar ƙasashen sanyi, Amurka da Kanada da Turai, mai ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Nata zallar ƙashi ne, kuma duk shekara sai ya faɗi sabo ya fito. Galibi maza ne ke da shi. Mutane kan tsinci ƙahon da ya faɗi, wasu har da taimakon kyamara.

Me ke sa shi faɗuwa?

Tsawon yini ne ke juya lamarin. Da kaka sinadarin mazakuta yana cika jikin namiji, ya yi ta karo da 'yan'uwansa a kan mata. Idan lokacin barbara ya wuce sai sinadarin ya ja baya, wasu ƙwayoyin halitta su soma cinye ƙashin da ke gindin ƙahon. Rannan yana tsallake shinge ko girgiza kai, sai ƙaho ya sulluɓe. Ɗan jini kan fito, wurin ya yi ɓawo, bayan 'yan makonni sabon tsiro ya kunno. Barewa mai farar wutsiya ta Amurka takan zubar tsakanin Janairu da Maris, kuma wanda yunwa ko rauni ya galabaita yakan riga saura. Ni abin da ya fi burge ni shi ne saurin tsirowar: a manyan jinsuna ƙahon kan ƙaru da kusan santimita 2 a rana.

To ina kyamara ta shigo?

Da wuya mutum ya ga faɗuwar da idonsa. Shi ya sa ake ɗaure ƙaramar kyamara a jikin bishiya, daidai ƙugun mutum, a kan hanyar da suke bi daga makwanci zuwa wurin kiwo. Tana jin motsin duk abin da ke da ɗumin jiki, sai ta ɗauki hoto da kanta, ko da dare, ta buga kwanan wata. Yau ka ga namiji da ƙaho biyu, jibi da ɗaya, bayan kwana uku kai fayau. Ka san ke nan ƙahonin suna nan kusa. Dabarar ma tsohuwa ce: tun shekarun 1890 wani Ba'amurke mai ɗaukar hoton namun daji, George Shiras, ke ɗana wa dabbobi kyamara da igiya a jihar Michigan ta Amurka, mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Sanyi ba ya lalata ta?

Batir yake kashewa. Na litiyom ya fi jurewa.

Me ya sa ba za a shiga daji kawai a nemi ƙahon ba?

Saboda a ƙarshen hunturu dabbobin nan a rame suke, da kitsen jikinsu suke dogara saboda ƙarancin abinci. Duk korar da aka yi musu cikin dusar ƙanƙara ƙarfi ne ya tafi, musamman ga mata masu ciki. Don haka jihar Wyoming ta Amurka ta hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati na yammacinta daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Mai kyamara yana iya jira har ya ga yawancin mazan sun zubar, sannan ya shiga sau ɗaya.

Wanda ba a tsinta ba fa?

Ɓeraye da kurege da beguwa ne ke gwaguye shi saboda sinadaran ƙashi da ke ciki. Wanda aka tsinta kuwa ana yin ƙotar wuƙa da kayan ado da shi, har ma a garin Jackson na Wyoming akan yi gwanjonsa kowane watan Mayu.