Mene ne shirin aiki da karatu a jami'a?

Shirin aiki da karatu tsari ne da jami'a ke ɗaukar ɗalibanta aiki na 'yan sa'o'i a mako, tana biyan su lada suna ci gaba da karatunsu. Wani yana karɓar littattafai a laburare, wani yana taya malami a ɗakin gwaje-gwaje, wata kuma tana amsa waya a ofishin ɗaukar ɗalibai.

A Amurka tsarin ya samu gindin zama a 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, cikin dokokin yaƙi da talauci, daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965. Yawanci gwamnatin tarayya ke biyan har kashi 75 cikin ɗari na ladan, makaranta ta cika sauran. Ɗalibi zai cike takardar neman tallafi ta FAFSA, kuma sai an tabbatar yana da buƙata. Ladan ba ya kasa mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a sa'a. Ɗaliban ƙasashen waje ba sa cikin wannan tallafi, amma bizar karatu ta F-1 ta ba su damar yin aiki a cikin makaranta har sa'o'i 20 a mako idan ana zangon karatu.

Kuɗin yana rage zafi, ya sayi littafi, ya hana cin wani bashin. Amma a ganina babbar ribar ita ce wanda ya ɗauke ka aiki shi ne ya tsara jadawalin darussanka. Jarrabawa ta matso, ka ce a rage maka sa'o'i, ba wanda zai yi mamaki. Mai shago a cikin gari kuwa ba ruwansa da jarrabawarka. Ga shi daga aji sai wurin aiki, ba kuɗin mota, ba ɓata lokaci a hanya. A nan ne yaro ke koyon zuwa kan lokaci da haƙuri da mai ƙorafi, abubuwan da ba a koyarwa a lacca. Ranar da zai nemi aiki bayan kammalawa, yana da wanda ya ga aikinsa da idonsa, zai kuma iya rubuta masa takardar shaida.

Sai dai a kula, ba kyauta ake miƙawa ba. Sai ka yi aikin kuɗin ke shigowa, kamar albashi. Kuma ganin shirin a takardar tallafinka ba ya nufin an ajiye maka gurbi. Kai za ka nema, wani lokaci har da ganawa, guraben kuma sukan cika tun farkon zango.